Anguryar Gwaggo

A gidanmu akwai abu ɗaya da ba a roƙo, kuma ba a miƙa wa mutum shi sau biyu. Angurya ce, wato ƙwayar auduga, ta wasu 'yan itatuwa da Gwaggo ta shuka a bayan ɗakinta, a wani ƙauye da ke gefen Ngong. Ba irin audugar gona ba ce da ake shukawa da damina a tuge da rani. Wannan tsayuwarta take yi shekara da shekaru, har ta fi mutum tsawo, kuma zarenta ba ya tsinkewa da wasa. An ce kakar kakarmu ce ta taho da ita daga ƙasar Katsina a ƙulle a bakin zani, zamanin da mazan gidan suka biyo fatauci har suka yada zango a Garwa. Tun daga nan mace ce ke ba mace. Babba takan duba cikin 'yan matan da ta raina, in ta ga wadda ta zauna, ta samu tsakar gida ta kanta, sai ta kira ta ta zuba mata a tafi. Da hannu biyu ake karɓa. Wadda ta tsaya kame-kame kuwa, ta yi wa kanta.

Gwaggo yayar babana ce, ita ta raine ni tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyata. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka duk dangi sun san inda anguryar za ta je. Ni ma na sani, shi ya sa wata rana ina yarinya, tana gurza auduga a kan dutse, na miƙa hannu na ce ta ba ni tawa tun yanzu. Da mazarin kaɗinta ta buge min bayan hannu. Ta ce iri ba a roƙo, in sake kuskurewa in gani. Ban sake ba. Amma na sa rai, kuma sa ran nan ya bi ni duk inda na je.

Na kuwa je wurare. Na yi boko a Garwa, na wuce Maruwa, na gangara kudu, daga wannan ɗakin haya zuwa wancan. Duk zuwan da zan yi gaishe ta sai Gwaggo ta dubi akwatina ta ce, ga gidan 'yar nan ya iso. Ina dariya, amma maganar tana ci na. Nufinta ke nan, ban zauna ba tukuna.

Da na gama karatu aka ɗauke ni aiki a wata gonar gwaji, ba nisa da ƙauyen Gwaggo. A can ake gwada wata sabuwar auduga da aka taɓa halittarta, yadda in tsutsa ta ci sai ta mutu. Mutanen kasuwa suna ce mata audugar allura. Ni ba na shuka, ba na feshi. Aikina yana gaban kwamfuta ne. Furen auduga yana da wani gari mai danƙo a cikinsa, shi ke sa ta yi 'ya'ya. Iska ba ta cika ɗaukarsa ba don nauyinsa, ƙudan zuma ne ke kwasarsa a ƙafa ya kai wa wani furen. To in ya ɗauko daga sabuwar auduga ya sauke a kan ta gargajiya, 'ya'yan da za a samu sun gauraya ke nan, kuma ba mai iya tsince su. Ni zan zuba wa kwamfuta komai da na sani, inda amya take a kan itatuwa, inda ruwa yake kwanciya, lokacin da fure ke buɗewa, nisan da ƙudan ke tafiya, ita kuma ta zana min taswira. Kusa da gonarmu ja wur, gaba kaɗan ruwan ɗorawa, can nesa kore. A inda haɗarin ya ƙare sai in ja layi. Duk audugar da ta faɗo cikin layin dole a cire ta kafin tamu ta yi fure.

Ina son aikin, ba zan ɓoye ba. Amma kaɗaici ya ci ni a wurin nan, ci ba na wasa ba. Gonar a kewaye take da waya, ɗakunanmu a ciki. Abokan aikina mutanen kirki ne, sai dai da Faransanci muke magana, leburori kuma da Fulatanci. In Juma'a ta yi kowa ya haɗa jakarsa ya nufi iyalinsa, a bar ni da mai gadi da kukan kurciya. Sai in yi kwanaki ban furta kalmar Hausa ga ɗan Adam ba. Har na koma zagin kwamfuta da Hausa in ta tsaya min, in ce mata 'yar banza mai kan kwakwa, don dai in ji harshena ya motsa.

Garwa ma da nake gudu can in ji sanyi, ba ta canza zani ba. Yayyena maza da ke kasuwa suna kira na likitar auduga, wannan wasa ne, na iya da shi. Na mata ne ya fi ciwo. A wani suna na zauna kan tabarma, sai na ga wata mai ciki ta ja jikinta gefe, wata kuma ta tambaye ni a hankali wai da gaske ne man audugarmu yana hana haihuwa. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. Na ce mata in haka ne ai da tuni na kawo wa mijinta kwalba guda ya huta.  Daga ranar aka rage gayyata ta, ni ma na rage zuwa.

Akwai dokar ƙofa a gonar. Ba a shiga da ƙwayar auduga ko ɗaya, ba a fita da ita. In za ka wuce sai ka wanke takalmi, ka karkaɗe tufafi, ka bi bakin zani da naɗin ɗankwali da yatsa, a buɗe jaka a duba. Wanda aka kama da iri, aikinsa ya ƙare. Ba zan ce an zalunce ni da dokar ba, don ina cikin waɗanda suka tsara ta. Ta shige min jiki har ko daga masallaci na fito sai in ga hannuna yana bin bakin zanina.

Ranar da taswirar ta fito cikakkiya, na daɗe ina kallonta. Na zaci layin zai zama da'ira, sai ga shi ya zuro harshe ta gabas. Akwai wata ƙorama a can da ba ta ƙafewa da wuri, ga itatuwan da mutanen ƙauye ke rataye amya a bakinta. Ƙudan zuma can yake bi. A ƙarshen harshen nan kuwa, a ciki ba a waje ba, ga gidan Gwaggo. Na sake lissafin. Na canza wannan, na gyara wancan, na koma daji na sake ƙirga amya da ƙafata, ko Allah zai sa na yi kuskure. Babu kuskure. Abin da ya ƙara dagula shi, audugar Gwaggo ba ta mutuwa da rani, in ta gauraya sau ɗaya za ta yi ta raba gaurayen duk shekara.

Na kai wa shef ɗinmu, wato shugaban gonar. Da ya ji gidan wa ne, ya ce zai aika wani ya yi bayani, ba sai na je ba. Na ce a'a. Baƙo ba zai shiga bayan ɗakin Gwaggo da gatari ba ina raye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na ja layin, ni zan je in faɗa.

Ranar Talata da hantsi motar aiki ta kai ni, direba ya tsaya a ƙofar gida yana jira, don daga nan gona za mu koma kai tsaye. Na tarar da Gwaggo a inuwar itatuwan tana kaɗi, yatsunta fari fat da alli. Zaren likkafaninta take tarawa, kamar yadda tsofaffin gidanmu ke yi, kaɗan-kaɗan duk shekara. A gefenta maƙwabciyarta ce ke taya ta gurza. Uwar tagwaye muke ce mata, Kirista ce daga duwatsun bayan Guider, sun sauko noma ita da mijinta. Hausar kasuwa take yi, tana kiran Gwaggo Dada, wato uwa da Fulatanci, kuma ita ke ɗebo mata ruwa tun ƙafa ta fara ba ta wahala.

Na durƙusa na gaishe su, sannan na yi bayani dalla-dalla, da fure da ƙudan zuma da ƙorama. Gwaggo ba ta daina murza mazari ba har na gama. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ku kuka kawo baƙuwa. Maimakon ku ɗaure baƙuwarku, sai 'yar gida ce za ta tashi ta ba ta wuri?"

Gaskiya ta faɗa. Na ce mata dai in an bar itatuwan, nan da shekara ba za su zama na kakarmu ba, ko da ido bai gane ba. Wannan ita ce ta shige ta. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ta ce to, amma kada kowa ya zo mata da kayan aiki, ita da Uwar tagwaye za su sare abinsu.

Na miƙe zan yi sallama, zuciyata duk ta jagule, sai ta ce in dakata. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙullin tsumma da na sani tun ina yarinya. Ta zauna, ta kwance shi a kan cinya.

"'Yar nan, kawo hannunki."

 Abin da na jira tun ranar mazari, ga shi a gabana, baƙi-baƙi da ɗan gashinsa. Hannuwana har sun fara tashi. Sai na jiyo ƙarar motar a waje, ƙofar gona ta faɗo min a rai, da buɗe jaka, da bin bakin zani. Na ce:

"Gwaggo, ajiye min zuwa Asabar. Yau ba dama in shiga da shi wurin aiki."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. Ta tattara tsumman ta ƙulle, ta ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Sai da muka hau kwalta dabara ta zo min. Me ya hana in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, sannan in ba ta ajiya? Da an raba gardama, doka ta samu nata, Gwaggo ta samu nata. Amma dabara halinta ke nan, sai an tashi kasuwa take zuwa. Na lallashi kaina da cewa ai ta ji dalilina, kuma ni ce dai 'yar tata, wa take da shi bayan ni?

Asabar da sassafe na sa kayan gida, na hau moto, wato babur na haya, na tafi. Bayan ɗakin ya yi fayau, sai kututture da rana. Gwaggo ta tarbe ni da fara'a, ta sa aka kawo min kunu, ta tambayi aiki. Na yi ta jira ta shiga ɗaki, ba ta shiga ba. Da na gaji na ce, cikin dabara don kada ya zama roƙo, ga ni na zo kamar yadda na ce. Sai ta gaya min, kamar mai ba da labarin farashin gero, cewa ta ba Uwar tagwaye. Mijinta ya rasu tun bara, za ta koma duwatsu da 'ya'yanta, can kuma ba ruwan ƙudan zumanmu da su.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce yanzu abin kakanninmu, da ya ƙetare ƙasa da ƙasa bai fita daga jininmu ba, shi za a ɗauka a ba bare? Na ce ni na ce ba na so ne? Kwana nawa ne tsakanin Talata da Asabar? Na faɗi maganganu, har da kuka. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce:

"Ita da na ce ta kawo hannu, kawowa ta yi."

Na ɗauki mayafina na fita ko kunun ban shanye ba. Kuma bari in faɗa, har gobe ina ganin Gwaggo ta yi min tsauri. Ta san ba raini ba ne, ta san abin da ke jira na a ƙofar gona. Amma taurin kai a gidanmu gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ma na yi wata da watanni ban taka ƙauyen ba.

Daga baya na koma, don ba ni da wata uwar. Muka ci gaba kamar ba a yi ba. Ina kai mata goro da sabulu, ina yanke mata farce, tana tsokana ta da akwati. Maganar angurya ba wadda ta sake tayarwa. Uwar tagwaye ta tafi, gidan ya ƙara yin shiru, Gwaggo ta kaɗe ragowar audugar da ke cikin kwando har ta ƙare, ta rataye mazari a jikin azara. Da ta rasu aka kai wa masaƙi zaren tun da asuba, abin da aka riga aka saƙa aka haɗa, bai kai ba. Da alawayyon kanti aka cike. Ni na riƙe bakin inda saƙar hannu ta haɗu da na kanti ana ɗinkewa, kuma na san wa ya ja layin da ya sa zaren ya gaza.

Gwajin ma bai yi tsawon rai ba. Manya suka yanke shawara a can sama, aka ƙone gonar, aka kwance waya, kowa ya kama gabansa. Taswirata tana nan cikin kwamfuta da jan harshenta, ba mai tambayarta. Na dawo Garwa, na kama koyarwa, na samu ɗan gida a bayan gari mai tsakar gida da rijiya. Na zauna dai a ƙarshe, lokacin da babu mai cewa na zauna.

Wata kaka na kasa haƙuri, na shiga mota zuwa Guider, daga can na hau moto muka yi ta hawa duwatsu ina tambaya, har aka nuna min gidan. Tun kafin in yi sallama na gan su. A tsakanin manyan duwatsu, bayan rumbu, itatuwan Gwaggo ne tsaye sun fashe fari. 

Uwar tagwaye ta rungume ni tana kiran 'yar Dada, 'yar Dada. Ta yi min ta'aziyya har da hawaye, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Gurza na tarar tana yi, sai na karɓi ƙarfen gurzar na taya ta, angurya tana zubowa a gabana tana taruwa. Muka yi hira har rana ta karkata. Ni kuwa jira nake yi. Duk motsin da ta yi sai in ce yanzu ne.

Ita ce ta kawo maganar da kanta, da alfaharinta. Ta ce Dada ta koya mata dokar irin nan, ba a roƙonsa, ba a sayar da shi, kuma yarinyar da ka raina kaɗai ake ba, in ta zauna. Ta ce ba ta karya ko ɗaya ba. Matar fasto ma ta nuna tana so, ta yi kamar ba ta ji ba. Macen cikin tagwayenta ta yi aure a ƙauyen gaba, bara ta zuba mata a hannu, har ya tsiro. Tana faɗa tana kallona, tana jiran in yaba mata riƙon amana. Na yaba mata, don ta cancanta. Abin da ba a roƙo kuwa, ban roƙa ba. Da zan tafi ta cika min jaka da gyaɗa da riɗi, ta raka ni har bakin hanya.

A motar dawowa an matse ni a kujerar baya, tsakanin buhun albasa da wata mata mai barci. Mun wuce Guider da kaɗan na ji hannuna yana bin bakin zanina, tsohon halin nan na ƙofar gona. Yatsana ya ci karo da wani abu. Ɗan ɓarɓashin auduga ne ya maƙale a naɗin, da ƙwaya ɗaya a cikinsa.

Na riƙe ta a tafi har muka ga gadar Binuwai. A dokar aikina, irin da ya bi tufafin mutum ƙonawa ake yi. A dokar Gwaggo, irin da ba a zuba maka a hannu ba, ba naka ba ne. Duk biyun na san su kamar yunwar cikina, kuma duk biyun abu ɗaya suka ce. Tagar motar a buɗe take. Na ƙulle ta a bakin ɗankwalina.

Da damina ta faɗi na shuka ta kusa da rijiya. Ta tsiro, yanzu ta kai min kafaɗa. Furenta yakan buɗe fari da safe, kafin magariba ya koma ja. Babu wata auduga a unguwarmu, ko kusa ko nesa, na duba, ai sana'ata ce. Amma auduga in ba ta samu 'yar'uwa ba da garin kanta take yin 'ya'ya, don haka ta yi. Bana na gurje ta a kan dutsen niƙa, na tara anguryar na ƙulle a tsumma yadda Gwaggo ke yi, na sa a ƙasan akwati.

Ba ni da yarinyar da na raina. Ko da ina da ita, ban san da wane hannu zan ba ta abin da ni ba a ba ni ba.